Rabon Sabon Suruki

Ferdousi Begum ta gama cin kifinta, ta wanke hannu a kwanon ruwan ɗumi, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi gefen farantinta inda ta ajiye zobenta. Ba ta gan shi ba.

"Umma, yana ƙarƙashin ƙaramin farantin nan," in ji Lubna, matar ɗanta. "Ni na kifa shi a kai saboda hankaki."

Ferdousi ta ɗaga farantin. Babu komai ƙarƙashinsa sai zanen tebur.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta mayar da farantin yadda yake, ta juya a hankali ta yi wa Lubna irin kallon da uwar gida ke yi wa sabuwar 'yar aiki ranar da cokali ya ɓace. Lubna likita ce, tana tsayawa gaban jini ba ta girgiza, amma kallon nan ya sa ta sunkuyar da kai. Wata guda ke nan da aurenta, kuma gobe za ta koma Chattogram, gidan wannan matar, su ci gaba da zama ƙarƙashin rufi ɗaya.

Mahaifinta, Mofazzal Sikder, yana ɗaya gefen teburin. Ya ga kallon, ya kuma san fassararsa. Ya yi aikin ɗan sanda a Cox's Bazar har kansa ya yi fari, ya yi ritaya yana sufeto, domin wanda ke karanta littafi a ofis yana gyara wa manyansa kuskuren rubutu ba ya wuce nan. Abin da aikin ya koya masa shi ne, zargin da aka furta ana iya ƙaryata shi. Wanda aka haɗiye kuwa, shi ke zama a gida ya tsufa tare da mutanen gidan. In aka tashi daga teburin nan babu zoben, ba wanda zai taɓa kiran 'yarsa ɓarauniya. Za dai a riƙa kulle akwati in ta shigo ɗaki, har ƙarshen rayuwarta.

Ya yafito Absar, mai gidan abincin. Ya gaya masa kada a ɗauke ko da ƙashin ƙaguwa daga teburin, kada a share ƙasa, kuma Shukkur mai kawo musu abinci ya tsaya inda yake. Absar ya fara murza hannu yana tambaya ko a kira 'yan sanda.

"Ga ragowarsu nan a gabanka," in ji Mofazzal. "Kawo mini shayi."

Shi ya gayyace su. Ciyar da sabon suruki aikin uwar amarya ne, a gidanta, da girkin hannunta. Amma matarsa Monowara tana maƙabarta, gidan kuma babu kowa sai shi da littattafai da tukunyar dafa ƙwai. Don haka ya kawo su nan bakin tekun Kolatoli, inda shi da marigayiyar suka saba zuwa duk ƙarshen wata, ita tana kallon ruwa, shi yana kushe shinkafa. Mutum uku ya gayyata: Lubna, da mijinta Tanjil, da uwar mijin. Mutum huɗu suka zo. Na huɗun shi ne Bablu, ƙanen Ferdousi, wanda ba a taɓa gayyatarsa ko'ina ba, bai kuma taɓa rasa walima ba.

Da suka iso, Mofazzal da kansa ya je teburin ƙanƙara inda ake jera kifin da aka kamo ranar. Ya latsa wannan, ya shinshina wancan, ya zagi guda biyu, sannan ya zaɓi wani kifi mai ƙaton kai da ake kira koral, ya ce a gasa shi sukutum a kan gawayi. Don kan ya zaɓe shi. A al'adarsu, kan kifi rabon sabon suruki ne, ko yaron goye ya san wannan. Monowara ta sha faɗa cewa ranar da Lubna ta kawo miji, da hannunta za ta ɗora masa kan a faranti. Ba ta ga mijin ba.

An fara da ƙaguwa da jatan lande. Ƙaguwa ba ta shiri da zobe, don haka Ferdousi ta zare nata, na zinariya mai jan dutse, gadon mahaifiyarta, ta ajiye gefen faranti. Tana zarewa tana shaida wa teburin cewa bayan ranta na Lubna ne. Ana cikin haka aka kawo babban kifin yana hayaƙi. A daidai lokacin kuma rana ta taɓa ruwa, sai duk masu cin abinci suka watsar da farantansu suka yi bakin baranda da wayoyi, kamar ba a taɓa faɗuwar rana ba sai yau. Mofazzal ya daina kallon faɗuwar rana tun da Monowara ta rasu. Ya tafi ƙofar kicin ya gaya wa Absar cewa shinkafarsa ta lalace.

Da kowa ya dawo, ya yanke kan kifin, ya ɗago shi da hannu biyu zai ɗora wa Tanjil. Sai ga farantin Bablu ya tare hanya.

"Beyai, kada ka yi asara," in ji Bablu yana dariya, yana kiransa da sunan da dangin ango ke kiran uban amarya. "Wannan yaron, zaman birnin Dhaka ya lalata shi, da cokali yake cin kifi. Kawunsa zai wakilce shi."

Tanjil ya yi murmushin kunya. Mofazzal ya saki kan, ya haɗiye maganar da ta zo masa, don kada a ce mahaifin amarya ya yi faɗa a kan abinci. Aka ci kifi, aka yi hira, har Ferdousi ta nemi zobenta.

Yanzu ya ja kujera gefe, ya fara da Shukkur. Ba don yana zarginsa ba, sai don ya san in ba a wanke talaka da wuri ba, a kansa ake sauke kowace sata. Shukkur dattijo ne mai furfura a gemu, ya riga ya fara kwance maɓallin rigarsa don a caje shi.

"Bar rigarka. Ina kake lokacin da rana ke faɗuwa?"

"Bakin baranda, Yallaɓai. Uwar ango ta ba ni wayarta in ɗauke su hoto."

"Ka dawo tebur kafin su?"

"Ina na ga hanya? Ta ce a na farko na yanke mata kai, a na biyu ta fito da ƙiba. Sai da rana ta nutse ta sake ni."

Mofazzal ya roƙi Ferdousi wayarta. Ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ya saka tabarau ya bi hotunan bi da bi. A na farko-farko, ita da Tanjil ne kaɗai, hannunta a kafaɗarsa, yatsanta babu zobe, rana kuma tana zaune a kan ruwa. Can gaba Lubna ta shigo. Bablu bai bayyana ba sai a na ƙarshe, lokacin da ranar ta rage kamar ɓawon lemo. Mai riƙe da waya bai motsa ba, uwa da ɗa ba su motsa ba. Mutum uku sun fita daga zargi. Saura biyu, kuma ɗaya 'yarsa ce.

Ya kira ta. Ya yi mata magana da muryar da yake yi wa kowa a caji ofis, domin in ya sassauta, uwar mijin za ta ji sassaucin.

"Me ya tsayar da ke a tebur?"

"Hankaki, Abba. Biyu sun sauka a kan kujerar Tanjil. Na rufe shinkafa da miya, na ga zoben a fili, na kifa masa faranti."

"Shukkur ya riga ya tafi?"

"Ya tafi. Zoben yana nan bayan tafiyarsa, da idona na gani."

"Me ya hana ki ɗauka ki kai mata?"

Lubna ta dube shi. "Wata ɗaya da aure, in ɗauki zinaren uwar miji a hannuna?"

"Kifin fa? Kin rufe shi?"

"Ya fi ƙarfin kowane murfi. Na kore su na tafi."

"Wa kika bari?"

"Ba kowa. Kawu ya tafi wanke hannu tun kafin in tashi."

Ya sallame ta. A ransa ya ce ɓarawo ba ya wanke wanda za a iya rataya wa laifi, ga ta kuwa ta wanke Shukkur ta tura kanta cikin rami. Amma wannan hujjar uba ce, kuma hujjar uba ba ta cin kasuwa wajen uwar miji.

Bablu bai jira a kira shi ba. Ya miƙe ya zazzage aljihunansa a kan tebur: waya, makulli, ƙunshin ganyen taunawa, mataji. Ya ɗaga riga ya nuna tumbinsa, ya cire takalmi ya karkaɗe. Ya ce shi daga wurin wanke hannu ya wuce baranda kai tsaye, bai ko kalli teburin ba, gwiwa ce ta sa ya makara. Daga nan ya sassauta murya kamar mai neman sulhu, ya ce a ganinsa a daina wahalar da kai, hankaka ne. Kowa ya san su da son abu mai ƙyalli, a unguwarsu ma an taɓa samun ɗan kunne a sheƙarsu.

"Hankakan nan yana da tarbiyya," in ji Mofazzal. "Ya ɗaga faranti, ya ɗauki zobe, ya mayar da faranti yadda ya same shi. Ga gasasshen kifi a buɗe a gabansa, bai ko ɗanɗana ba."

Bablu ya ɗaga kafaɗa. "To, in ba hankaka ba ne, sai wanda ya san inda zoben yake. Ni dai ban ce komai ba."

Mofazzal ya juya ga Ferdousi, ya tuna mata cewa da bakinta ta ce zoben na Lubna ne, ya tambaye ta wa ke satar abin da aka riga aka ba shi.

"Bayan raina na ce, Beyai," in ji ta. "Ga ni kuwa da lafiyata."

Lubna ta ɗauki jakarta ta juye ta a kan tebur ba tare da an tambaye ta ba. Tanjil ya riƙe hannunta, ya ce, "Umma, ya isa haka," da muryar da ba ta kai ƙarshen tebur ba. Babu zobe a jakar. Ferdousi ta dubi kayan, ta dubi ninkin sari, zanen da Lubna ta ɗaura, sannan ta dubi teku. Ba ta ce a caje ta ba. Mace ce mai mutunci, kuma masu mutunci sun fi iya kisa.

"A bar maganar," in ji ta. "Abin da ya ɓace ya ɓace. Ba za a sake tayar da ita a gidana ba."

Wannan ne hukuncin da Mofazzal yake tsoro tun farko. Ya ce a ba shi ɗan lokaci, ya tashi ya tafi wurin wanke hannu, don ya yi tunani nesa da fuskar 'yarsa. Ya buɗe famfo. Da ya ɗaga kai, sai ya ga madubin da ke saman famfon, a cikin madubin kuma ga teburinsu tsaf, har da ƙaramin farantin da aka kifa. Duk wanda ya tsaya nan ya ga abin da Lubna ta yi. Ashe ba ita kaɗai ta san inda zoben yake ba.

Ya tsaya yana haɗa abin. Hankaki biyu masu yunwa, kifi a buɗe, tebur babu kowa tsawon ɗaukar hotunan nan, amma fatar kifin ko ƙwarzane babu lokacin da ya sa masa wuƙa. Hankakin Kolatoli suna fizge abinci daga hannun yaro. Ba za su bar koral don kunya ba. Akwai wanda ya tsaya a kan teburin nan bayan tafiyar Lubna. Amma sanin wa ya ɗauka ba ya dawo da zobe, mutumin kuma ya nuna tumbinsa, babu komai.

A cikin madubin ya ga Bablu ya yafito Shukkur, yana nuna farantinsa, yana kwatanta ƙunshi da hannu.

Mofazzal ya rufe famfo. A bikin Lubna ya ga wannan mutumin ya cinye kan kifi biyu a tsaye, yana tsotsar ƙashi da ƙarar da ta sa mawaƙa suka waiwayo. Ya dawo a hankali, ya tare Shukkur da ke zuwa da leda, ya yi masa tambaya ƙasa-ƙasa.

"Har yanzu kuna sa jan barkono a bakin kifi in za ku kawo shi?"

"Kullum, Yallaɓai. Mai gashi ba ya sakin kifi sai da shi."

"Wannan ma?"

"Da hannuna na gyara masa zama."

Lokacin da Mofazzal ya yanke kan, barkonon yana kwance a gefen tire. Ya lura da shi, har ya ajiye abin a ransa don ya ƙara cikin laifuffukan Absar.

Ya zauna a kujerarsa, ya kurɓi shayin da ya huce, ya ce tun da an rufe maganar zobe, saura a rufe maganar abinci. Ya ce shi tsoho ne, matarsa ta bar masa wasiyya guda, kuma ba zai tashi bai cika ta ba. Ya miƙa hannu ya jawo farantin Bablu, da kan kifin a kai, bai ko ɓantaru ba.

"Tanjil, ɗana, rabonka ne. Ko loma ɗaya ka yi, in samu abin gaya wa uwar Lubna."

Hannun Bablu ya sauka a kan farantin kafin Tanjil ya motsa.

"Ya huce, Beyai. Zai ɓata masa ciki."

"Me ya sa ka bar shi ya huce?"

"Wa zai iya cin abinci cikin wannan tashin hankali?"

"Kai," in ji Mofazzal. "Ina tambayar Shukkur kana cinye jatan landen da Tanjil ya rage. Kuma kan nan ya zo farantinka tun kafin a san zobe ya ɓace. Ka ci shinkafa, ka ci gefen ciki, ka ƙara shinkafa, kana kewaye shi kamar kabari."

Bablu ya yi dariya, ya ce matarsa yake son kai wa. Ferdousi ta ɗago kai a karo na farko ta dubi ƙanenta. Ta san shi tun yana rarrafe, ta kuma san bai taɓa kai wa matarsa ko ƙayar kifi ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, gumi ya riga ya tsattsafo a goshinsa, ga kuwa iskar teku tana kaɗawa.

Mofazzal ya zare farantin daga ƙarƙashin hannunsa ya tura shi gaban Ferdousi.

"Beyain, uwar surukina, hannuna hannun uban wadda ake zargi ne. In na taɓa, gobe za a ce ni na sa. Ke ki buɗe."

Ferdousi 'yar bakin teku ce, ba a koya mata buɗe kan kifi. Ta sa manyan yatsu biyu a muƙamuƙin ta ɓare shi gida biyu. Can cikin maƙogwaro, a dunƙule cikin mai da yaji, jan dutsen yana kallonta.

Lubna ta saki wani dogon numfashi ta rufe fuska da tafin hannu. Mofazzal ya gode wa Allah. Ya kama masu kisa a rayuwarsa, zuciyarsa ba ta taɓa bugawa haka ba.

Ya yi bayanin a taƙaice, don Tanjil ya tambaya. Bablu ya ga Lubna a madubi tana kifa farantin. Da ta tafi, ya dawo teburin, shi ya sa hankaki ba su samu kifin ba. Ya san in zinariya ta ɓace za a caje aljihu, don haka ya nemi wurin da ba a cajewa, wanda kuma ake fita da shi a leda a gaban kowa. Ya zare barkonon, ya cusa zoben, ya manta bai mayar da barkonon ba. Abin da bai lissafa ba shi ne yau ranar suruki ce, kan yana da mai shi. Dole ya ƙwace shi, kuma ƙwacen bai ba kowa mamaki ba, don halinsa ne. Rashin cin ne ya tona shi. Ba zai iya buɗe kan a gaban mutane ba, ba zai kuma iya barin wani ya buɗe ba.

"Da baƙo ne daga wata ƙasa, da ya tsira," in ji Mofazzal. "Amma mutumin Chattogram ya zauna da kan koral mai zafi a gabansa yana kallonsa? Ko dai ya mutu, ko akwai magana."

Bablu bai musa ba. Ya dubi yayarsa ya ce zoben na uwarsu ne su biyu, shi ma yana da 'ya da za ta yi aure, kuma yana zaune aka yi kyautarsa ga 'yar wani gida ba a ko dube shi ba. Ya ce bai yi nufin a zargi yarinyar ba, shi ya sa ya kawo maganar hankaka.

"Hankaka ba ya zaman gidan miji," in ji Mofazzal.

Absar ya sake tambaya ko yanzu a kira 'yan sanda. Mofazzal ya ce zoben ba nasa ba ne, ƙanen ma ba nasa ba ne. Ferdousi ta wanke zoben a kwanon ruwan ɗumi, ta goge shi da gefen sarinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya wa Bablu cewa akwai motar haya da ke tashi zuwa Chattogram da daddare, in ya yi sauri zai same ta, kuma maganar 'yarsa za su yi ta a gida, ita da matarsa, ban da shi. Ya tattara makullinsa da matajinsa ya fita. Shukkur ya bi bayansa da kallo, da ledar a hannu, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

An kira sallah daga masallacin bakin hanya. Kafin Mofazzal ya tafi, ya biya ta teburin ƙanƙara. Saura koral guda, bai kai na farko ba, amma idonsa garau yake. Ya ce a gasa. Absar ya rantse ba zai karɓi ko taka ɗaya, wato ko sisi, a kuɗin kifin ba, Mofazzal ya ce to shi ma ba zai ci ba, aka bar maganar a nan.

Da suka dawo daga masallaci shi da Tanjil, an share teburin, an kunna fitilu, ruwa ya yi baƙi. Matan biyu suna zaune inda aka bar su. Ferdousi ba ta ba da haƙuri ba, kuma Mofazzal bai sa ran za ta bayar ba. A duk karatunsa bai taɓa cin karo da uwar mijin da ta yi hakan ba. Ya dai lura cewa zoben ba ya yatsanta. Yana kan tebur, a gefen farantin Lubna.

Shukkur ya kawo kifin, da jan barkono a bakinsa. Mofazzal ya yanke kan, ya ɗago shi da hannu biyu, ya nufi Tanjil. Sai ga hannu ya sake tare hanya.

"Beyai, ba ni nan," in ji Ferdousi.

A ransa ya ce wannan dangi dai ba za su bar shi ya cika wasiyya ba. Ya miƙa mata. Ta karɓa, ta juya, ta ɗora kan a farantin Lubna.

Kan kifi na maza ne, na baƙi, na surukai. Matar ɗa wutsiya take samu, in an rage. Lubna ta dubi kan, ta dubi uwar mijinta, ba ta san inda za ta sa hannunta ba.

"Ci, 'yata," in ji Ferdousi, tana zuba wa kanta shinkafa ba tare da ta dubi kowa ba. "Ba a barin sa ya huce."

Lubna ta ɓare kan kamar yadda uwarta ta koya mata. Ta ciro tsokar kuncin, wadda ta fi ko'ina daɗi, ta ɗora a farantin mijinta, sannan ta ja sauran gabanta. Tanjil ya ci da hannu, yana lalube kamar makaho, bai shaƙe ba.

Mofazzal ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ba haka Monowara ta tsara ba, kuma da tana nan da ta yi mita har gida. Amma suruki ya ci kai, 'yarta kuma za ta shiga ɗaki gobe ba a kulle akwati ba. Ya mayar da tabarau, ya yafito Absar.

"Shinkafarka har yanzu ba ta da kyau," ya ce. "Ƙaro mini."